Ba Ƙara Na Kawo Ba

Yayana ya shiga gidan kula da tsofaffi ne bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi karo na biyu. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba, ni ne auta. Shi ya kama hannuna na koyi rubutun ajami tun kafin in san akwai wani abu wai shi boko, shi ya riga ni zuwa Amurka, shi kuma ya janyo ni. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa, kowa da nauyin da ke kansa. Gidana a Lanham mai bene ne, ni da mai ɗakina kuwa duk mun manyanta, ba ma iya ɗaga shi daga gado zuwa kujera. Da likitoci suka ce sai wurin da ake kwana ana tashi da majiyyaci, sai na shiga neman inda zuciyata za ta kwanta.

Abin da ya kwantar mini da hankali game da gidan da muka zaɓa shi ne, na gwamnati ne. A bakin ƙofa ga tambarin ƙaramar hukuma, ga tuta tana kaɗawa. Matar da ta zagaya da ni ta faɗa mini cewa ginin na hukuma ne, amma wani kamfani ne yake tafiyar da shi bisa kwangila, shi yake ɗaukar ma'aikata, shi yake ciyarwa, yana kuma kai wa hukuma rahoto lokaci zuwa lokaci. Na ji maganar, ban ɗauke ta da nauyi ba. A wurina abin kamar mai shanu ne da makiyayi. Makiyayi yana iya sakaci, amma mai shanu yana nan, kuma ba zai ga dabbarsa ta rame ya yi shiru ba.

Yaya hankalinsa garau yake. Ɓarin dama ne ya mutu, harshe ya yi nauyi, amma idan ka yi haƙuri maganar tana fitowa, har da zolayar da ya saba. Bai taɓa yi mini ƙorafin abinci ba, ko da yake na san dankalin da suke dama masa ba ya masa daɗi. Bai yi ƙorafin sanyi ba, bai yi na maƙwabcinsa mai ƙure talabijin ba. Abu ɗaya ne a ransa: ya yi salla a kan lokacinta, jikinsa da tsarki. Ciwon ya hana shi riƙe fitsari, don haka kafin ya yi alwala sai an sauya masa ƙunzugu, an wanke shi, an gyara shimfiɗa. Idan ba a zo ba, haka zai kwanta yana kallon agogon bango, Azahar tana wucewa.

Na taɓa tuna masa abin da shi da kansa ya karantar da mu, cewa mai uzuri yana salla a halin da yake ciki, Allah bai ɗora wa rai abin da ba ya iyawa ba.

Ya dube ni da idon nan nasa mai lafiya, ya ce, “Auta, yau kai ne za ka biya mini karatu?”

Na ce, “Wane ni, Yaya.”

Ya ce, “Uzurin da Allah ya ɗora mini na karɓa da hannu biyu, ko da yake ɗaya ya rage mini. Amma ga famfo can a cikin ɗaki, ina jin ɗigarsa. Ga sabulu. Wannan uzurin na Allah ne ko na kamfani?”

Yakan yi sallar a haka idan lokaci ya ƙure, amma ranar ba ya cin abincin dare.

Cikin masu kula da su akwai wata dattijiya mutuniyar Kumasi, Musulma, wadda ta girma a Zango, unguwar Hausawa. Muna kiranta Hajiya. Gajeriya ce mai ƙarfi, tana juya ƙaton mutum a kan gado kamar tana juya waina a tanda. Da farko Yaya ya ji nauyin mace ta wanke shi. Ita ta warware masa da kanta.

Ta ce, “Malam, a wannan aikin ni uwarka ce. Ka taɓa jin kunyar uwarka ranar da ta haife ka?”

Ya ce, “Uwata ba ta da irin wannan Hausar taki ta kasuwa.”

Ta ce, “To ka gode Allah. Da mai Hausar Kano ka samu, kafin ta gama gaisuwa La'asar ta yi.”

Daga ranar suka zama abokan wasa. Ita ta san lokutan salla ba sai an faɗa mata ba. Idan tana aiki, takan tsara zagayenta yadda za ta iso ɗakinsa kafin Azahar, ta wanke shi, ta kawo ruwa mai ɗumi a roba, ta riƙe masa hannun da ya mutu ya yi alwala, ta juya kan gadon ya fuskanci alƙibla. Sannan ta wuce da sauri, don ƙararrawar wasu ɗakunan tana ta kuka.

Ranakun da ba ta nan su ne matsala. Ni ina aikin safe a wani gidan ajiye motoci cikin Washington, sai rana ta karkata nake isowa. Sau da yawa zan tarar da fitilar kiran ma'aikata tana ci a saman ƙofarsa, shi kuma yana kwance cikin jiƙa tun hantsi. Ba mugunta ba ce ta sauran ma'aikatan. Na gan su da idona suna gudu daga ɗaki zuwa ɗaki, yawancinsu 'yan Afirka ne irinmu, wasu sun fito daga wani aikin ne suka shigo wannan. Sannu a hankali har ranakun Hajiya suka fara lalacewa, ita ma ta fara makara.

Wata rana na same ta a ɗan ɗakin da suke ajiye zannuwan gado, na tambaye ta abin da ke faruwa. Ta leƙa waje, ta rage murya.

“Malam ƙarami, a kunnenka kawai. An rage mu. Wanda ya bar aiki ba a maye gurbinsa, sai a raba mana ɗakunansa. Ni kaɗai ce a wannan layin yau, daga nan har can ƙarshe.”

Na ce, “Hukuma ba ta gani? Ai gidansu ne.”

Ta yi 'yar dariya. “Tana gani mana. Ranar da mutumin hukuma zai zo an san ranar. Sai a kwaso ma'aikata daga wani gidan na kamfanin, a cika ko'ina. Ranar har furanni za ka gani a tebur. Kai dai ka lura.”

Na lura kuwa. Bayan 'yan makonni na shigo na tarar da baƙin fuskoki cikin kayan aiki, gidan yana ƙamshi, Yaya a zaune a keken marasa lafiya da wankakkiyar riga, har an taje masa gemu. Ya ce mini, “Auta, ko dai yau Salla ce ba a gaya mana ba?”

A ranar na haɗu da mutumin hukumar. Ina tura keken Yaya a baranda muna hira, sai na ji an ce a bayanmu, “Sannunku da hutawa, Baba. Yaya jiki?” da Hausa tsantsa. Na waiwaya na ga wani mutum mai matsakaicin shekaru, da katin aiki rataye a wuyansa. Ya rusuna ya gaishe da Yaya, ya gaishe ni. Ya ce shi mutumin Jos ne, nas ne tun a gida, yanzu kuma shi ƙaramar hukuma ta ɗora wa sa ido a kan kwangilar wannan gida. Ya ce a unguwar da ya tashi maƙwabtansu Musulmi ne, da naman layyarsu ya girma, su kuma da shinkafar Kirsimetinsu. Yaya ya tambaye shi ko har yanzu ana sanyin nan a Jos. Ya ce, “Baba, sanyin Jos ai wasa ne, nan aka kawo mu muka ga ubansa.” Muka yi dariya.

Na ce a raina, Allah ya kawo ɗan gida. Na roƙe shi 'yan mintoci. Muka mayar da Yaya ɗaki, muka zauna ni da shi a wani ƙaramin ɗakin baƙi, ya rufe ƙofa da hannunsa.

Na yi masa bayani yadda ake yi wa babba bayani a gida. Na fara da godiya, na yabi gidan, na yabi ma'aikata. Sannan na faɗa masa halin Yaya, da abin da salla take a wurinsa, da yadda yake wuni cikin jiƙa. Ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai, har ya ce mahaifiyarsa ma da ta kwanta ciwo abin da ya fi damunta shi ne a kai ta coci da tsabta. Da na ga ya fahimta sai na saki jiki. Na faɗa masa an rage ma'aikata, na faɗa masa abin da ake yi ranar zuwansa. Ya ɗaga gira, ya tambaye ni yadda na sani. Na ce wadda ta fi kowa ƙoƙari a gidan ce ta faɗa mini, baiwar Allah mutuniyar Kumasi, wadda ba don ita ba da Yaya bai sami salla ko ɗaya a kan lokaci ba. Na faɗi haka ne don ya san maganar tana da tushe, don kuma ya san wadda ta cancanci yabo.

Ya dube ni, ya ce, “Baba, ƙara kake so ka shigar? A rubuce, da sa hannunka?”

Kalmar ta yi mini nauyi. Mu a wurinmu ƙara ita ce ƙarshen zumunci. Mutum ba ya kai ƙara sai sulhu ya gagara, kuma wanda ya kai ƙara har aka raba wani da abincinsa, bakin mutane ba ya barinsa. Na tuna da yaran nan masu gudu a baranda, kowannensu da iyali a bayansa, a nan da can gida.

Na ce, “A'a, ɗana, ba ƙara na kawo ba. Sanar da kai nake yi, tunda kai ne idon mai gida. Ka gyara cikin hikima, a rufa wa kowa asiri. Kada a taɓa abincin kowa. Ita kuma baiwar Allahn nan, amana ce na ba ka.”

Ya dafa ƙirjinsa. “Na ji, Baba. Na ɗauka. Ka bar shi a hannuna.”

Na fito raina fari. Na shiga na gaya wa Yaya cewa magana ta isa inda ya kamata. Ya ce, “Allah ya sa.” Da na koma gida na sa mai ɗakina ta yi dambun nama, na ajiye da niyyar in ba mutumin idan ya sake zuwa.

Ba a daɗe ba na zo na tarar Hajiya ba ta nan. Na ɗauka hutunta ne. Kwana ya bi kwana ba ta dawo ba. Na tambayi nas ɗin da ke kula da layin, ta ce ba ta aiki a nan kuma, ba ta da izinin ƙarin bayani. Na kira mutumin Jos, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na bar saƙo da gaisuwa, na sake bari.

Mai ɗakina ce ta samo inda Hajiya take zaune, ta bakin matan da suke haɗuwa a masallaci. Muka shiga mota wata Asabar da hantsi muka nufi garin Clinton. Ta karɓe mu, ta ba mu wurin zama, ta kawo ruwa. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, ta tambayi jikin Malam, sannan ta dube ni.

“Malam ƙarami, ni da na ce a kunnenka.”

Na ce, “Hajiya, wallahi mutum ɗaya na faɗa wa, shi ma da amana. Mutumin hukuma ne, ɗan gida ne.”

Ta ce, “To ɗan gidan naka ya aika wa kamfani duk abin da ka faɗa. Manaja ta kira ni ofis, ga maganarka a gabanta, har da ‘mutuniyar Kumasi’. Mu nawa ne 'yan Kumasi a gidan? Ta ce iyalin majiyyaci sun yi kukan ana barinsa cikin jiƙa, kuma ɗakin a layina yake. Suka jero ranakun da na makara. Ranakun gaskiya ne, na makara. Ba wanda ya tambayi ɗaki nawa ke hannuna.”

Mai ɗakina ta fara salati.

Hajiya ta ce, “Kada ka zauna kana kallona kamar an yi mutuwa. Aikin wanke tsofaffi ba ya ƙarewa a ƙasar nan, na sami wata tsohuwa a garin Bowie da nake kula da ita a gidanta. Ni Malam nake tunani. Wa ke juya masa gado?”

Na ce ba kowa.

Ta kawar da kai, ta ce wani abu da harshen Tuwi na mutanen Kumasi, wanda ba na ji, ta share ido da gefen mayafi.

A hanyar dawowa ina ta neman wa mutumin uzuri. Na ce wataƙila wani ne a ofishinsu ya aika ba da saninsa ba. Na ce wataƙila yana tattara hujja ne, zai fasa ƙwai a lokacin da ya dace. Musulmi ana so ya kyautata zato, na kuwa kyautata iyakar iyawata. Da na ga sanarwa a allon gidan cewa majalisar ƙaramar hukuma za ta zauna a kan sabunta kwangilar kamfanin, kuma ƙofa a buɗe take ga jama'a, sai na ce to, ga ranar. Na nemi hutu a wurin aiki, na sa babbar riga, na tafi.

Zaure ne mai sanyi, kansiloli a jere a kan wani dogon tebur mai tudu, mu 'yan kallo ba mu da yawa. An daɗe ana maganar hanyoyi da kwashe shara kafin a zo kan gidan tsofaffi. Mutumin kamfani ya tashi, ya nuna hotuna a bango: tsofaffi suna dariya, ana yanka kek, ga furanni a tebur. Bayansa aka kira mutumin Jos. Ya zauna gaban makirfo cikin kwat, ya yi magana da Turanci mai santsi. Turancina na aiki ne, amma na fahimce shi sarai. Ya ce ya ziyarci gidan kamar yadda aka tsara, ya sami ma'aikata isassu. Ya ce babu wata ƙara da iyalai suka shigar a wannan zangon. Ya ce an sami damuwa guda da wani dangi ya ambata ta baka, an miƙa wa kamfani, kamfani ya bincika ya gano matsalar ma'aikaciya ɗaya ce, ya ɗauki mataki, an rufe maganar.

Wata kansila ta tambaye shi ko shi da kansa ya tabbatar an gyara. Ya ce kamfani ya tabbatar masa a rahotonsa. Ta gyaɗa kai, ta juya takarda.

Ina zaune a layi na biyu, babbar rigata fara, ba yadda za a yi a ce bai gan ni ba. Idonsa ya bi ta kaina ya wuce kamar yadda ake wuce ginshiƙi. Na ɗaga hannu. Wani ma'aikaci ya zo ya raɗa mini cikin ladabi cewa masu son magana sai sun ba da sunansu tun kafin a fara zama. Kafin in gama fahimtar abin da yake nufi, an ɗaga hannuwa a kan tebur, an sabunta kwangila, an shiga maganar fitilun titi.

Na jira shi a wurin ajiye motoci. Da ya hango ni ya ɗan tsaya, sannan ya ƙaraso, ya rusuna kamar ranar farko.

“Baba, ina wuni. Yaya jikin Baba babba?”

Na ce, “Jiki yana hannun Allah. Ɗana, me na ba ka a ɗakin nan?”

Ya ce, “Baba, ka fahimce ni. Na tambaye ka ko ƙara ce, ka ce a'a. Da ƙara ce, dole in buɗe bincike, in zo ba sanarwa, in sanar da hukumar jiha, kuma sunan wanda ya ba da labari a ɓoye yake. Abin da ba ƙara ba, ƙa'idarmu ita ce a miƙa wa kamfani ya gyara da kansa. Abin da na yi ke nan.”

Na ce, “Ka san haka lokacin da kake tambayata?”

Ya ce, “Na sani.”

“Ka san ni ban sani ba?”

Ya dubi makullin motarsa.

Na ce, “Da Bature ne ya yi mini wannan tambayar, da na ce bai san mu ba. Kai ka san abin da dattijo yake nufi idan ya ce ba ƙara ya kawo ba. Da Hausa na faɗa maka, da Hausa ka ce ka ɗauka. Kalma ɗaya ta ishe ka: Baba, a nan ƙasar sai ka ce ƙara ce. Da na ce ƙara ce.”

Ya ce, “Baba, ba aikina ba ne in sa mutum ya kai ƙara. Kuma gaskiya, in aka buɗe bincike ana dab da sabunta kwangila, abin ba zai tsaya a kan kamfani kaɗai ba. Za a tambayi inda nake duk wannan lokacin. In kamfanin ya tafi kuma, hukuma ba ta da wanda zai karɓi gidan gobe. Ina za a kai tsofaffin? Ni ma ina da na sama da ni.”

Na ce, “Ita matar fa? Ita ma ƙa'ida ce ta ce ka faɗi garinsu?”

Ya ce, “Na rubuta yadda ka faɗa ne. Yabonta ka yi, na ɗauka zai taimake ta.”

Ban san ko gaskiya ya faɗa a wannan ba, har yau ban sani ba. Na dai ga bai iya kallon fuskata ba. Ya ce in ina so har yanzu ƙofa a buɗe take, zai turo mini lambar ofishin jiha. Na ce ya turo. Ya ce, “A gaida Baba babba.” Ban ce zai ji ba.

Na kai ƙarar daga baya, a rubuce, ɗiyar maƙwabcina ta taya ni da Turancin. Aka amsa mini cewa an karɓa, za a duba. Amma duba yana da nasa lokacin, Azahar kuma tana da nata, kullum sai ta zo.

Sababbin da aka kawo layin Yaya ba su daɗewa. Yau wannan, jibi wancan, kafin in gama yi wa ɗaya bayanin alƙibla an sauya shi. Yaya ya fara ramewa. Zolaya ta ragu. Fatar bayansa ta fara ja saboda daɗewa cikin jiƙa. Na je wurin shugabana a gidan motoci na roƙi a mayar da ni aikin yamma, aka mayar da ni. Na fara isowa tun rana ba ta kai tsaka ba, in tsaya a baranda ina tare duk mai kayan aiki da ya gifta ina roƙo. Wani lokaci a dace, sau da yawa a ce in ɗan jira.

Wata rana na gaji da jira, na shiga na ce, “Yaya, ka bar ni in yi.”

Ya ce, “Ka yi me?”

Na ce, “Abin da Hajiya take yi.”

Fuskarsa ta sauya. Tun da nake ban taɓa ganin ko gwiwar Yaya a buɗe ba. Mutumin da ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama a kan shimfiɗarsa ba, ban taɓa miƙe ƙafa a gabansa ba. Ya ce, “Fita.” Na fita. Ranar ya haɗa Azahar da La'asar dab da faɗuwar rana, bai yi mini sallama ba da zan tafi.

Washegari ban tayar da maganar ba, jibi ma haka. Na ci gaba da tsayuwa a baranda. Sai ranar wata Alhamis, fitilar kira tana ci tun zuwana, baranda ba kowa sai wata tsohuwa da ke kiran sunan wani a can ƙarshe. Na shiga na zauna a kujera. Muna jin ɗigar famfo, agogo yana tafiya. Lokaci ya shiga, ya fara nisa. Yaya yana kallon silin.

Can ya ce, “Auta.”

Na ce, “Na'am, Yaya.”

“Mutumin naka na Jos, ya sake zuwa?”

Na ce, “Ya zo makon jiya. An sa furanni.”

Sannan ya ce, “Rufe ƙofa. Ka ja labule.”

Na rufe, na ja. Na tara ruwa mai ɗumi a roba, na ɗauko tawul da sabulu da sabon ƙunzugu daga cikin durowa. Ya juya fuskarsa bango da kansa, iyakar yadda wuyansa ya ba shi dama, ya rufe ido. Na yi bisimilla, na yafa masa zane, na yi aikin ta ƙarƙashinsa gwargwadon iko, ina kawar da kaina. Ban iya juya shi da kyau ba, na ji ya yi nishi, na ce, “Sannu, Yaya.” Jikinsa ya yi sauƙi ƙwarai, wannan mutum da yake saɓa ni a kafaɗa ina yaro. Na ga inda fatar ta fara salewa, na shafa man da ke kan tebur. Na sauya zanen gado, rabi sannan rabi, na sa masa wankakkiyar riga.

Na kawo ruwan alwala, na riƙe masa hannun dama ya wanke da na hagu. Da muka zo wanke fuska na ga ta riga ta jiƙe. Na zuba ruwan a kai. Na taka birkin gadon, na tura shi har ya daidaita da alƙibla, na ɗaga masa kai.

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Kai ka yi taka?”

Na ce, “Ban yi ba tukuna.”

Ya ce, “To wanke hannunka ka zo ka ja mu. Lokaci yana tafiya.”

Ban taɓa shiga gaban Yaya a salla ba sai ranar. Na shimfiɗa darduma a ɗan filin da ke tsakanin gado da taga, na tayar da iƙama. Muna cikin raka'a ta biyu aka ƙwanƙwasa ƙofa, wata murya ta tambaya da Turanci ko har yanzu muna buƙatar taimako. Ba wanda ya amsa mata, ta kashe fitilar kiran daga waje ta wuce.